Maiƙon Yatsan Mai Awo

Akwai wani ma'aikacin kamfanin sadarwa da ake kira Mai Awo. Aikinsa gwada wayar intanet, irin mai siririn zaren gilashin nan da haske ke bi ta cikinsa. Sai ya tura haske ta baki ɗaya, ya auna abin da ya isa ɗaya bakin. In ya ragu da yawa, to haɗin bai yi kyau ba.

Dogo, mai haɗa wayoyin, shi ke neman auren Auta, ƙanwar Mai Awo. Mai Awo bai taɓa yarda da shi ba. Yakan ce, "Mutum kullum murmushi? Akwai lauje cikin naɗi."

Wata rana Dogo ya gama haɗa wayar wata makaranta. Mai Awo ya auna, ya ga rabin hasken ya salwanta.

"Malam Dogo, saurin zuwa zance ne ya sa ka yi mana aikin ganin ido?"

"Yaya, wallahi kowane haɗi sai da na duba."

"Ni ba yayanka ba ne. Gobe manaja zai ji."

Dogo ya naɗe kayansa, ya tafi.

A gida Mai Awo ya tarar da Auta tana guga, ya ba ta labarin aikin Dogo. Ya ce, "Wanda ya ha'inci waya zai ha'inci mace. Ki cire shi a ranki."

Ta ajiye dutsen gugar a hankali. "Yaya, kai kake cika mana kunne cewa kafin a zargi layi, sai mai awo ya goge bakin tasa wayar gwajin. Yau ka goge?"

Ashe bai goge ba. Ɗokin kama Dogo ya mantar da shi. Ya duba bakin wayar da madubin ƙara girma, sai ga tabon maiƙo. Na yatsansa ne.

Washegari ya goge da auduga, ya sake awo a gaban Dogo. Haske ya iso lafiya lau.

"Ƙanena, ka yafe ni."

"Au, yau na zama ƙane?"

"Kar ka cika ni da surutu. Ka turo magabatanka."

Da Auta ta ji, sai ta rufe fuska da mayafi, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

Darasi: Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka goge abin da kake auna shi da shi. Sau da yawa dattin yana wajenka. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila ku ceci wata soyayyar.