Guntun Kyandir a Cikin Kwamfuta

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai gyaran kwamfuta da ake kira Walƙiya. Yayarsa ce ta koya masa riƙe sukundireba. Ita ta nuna masa yadda ake ƙara wa firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, gudu. Tana da wata al'ada: in ta ƙara gudun, sai ta ɗora guntun kyandir a kan ƙarfen da ke shanye zafi, ta bar na'urar tana aiki yini guda. In ya narke, ta rage wuta.

Gogan naku ya ce wannan ƙauyanci ne. Ya buɗe shago daura da nata. Sai ya sayo ƙaramar firosesa, ya ɗura mata wuta fiye da ƙima, ya sayar da sunan babba. Bai tsaya nan ba, ya murɗe manhajar da ke nuna zafi. Ko ciki na tafasa, digiri arba'in kacal za ka gani a allo. In na'ura ta mutu bayan wata uku, ya ce wutar gidanka ce.

Masu saye suka yi ca a shagonsa. Yayar kuwa ya laƙaba mata Hawainiya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta fara zuba kayan aikinta a kwali za ta rufe shago.

Ana nan sai wata mai gidan ɗab'i ta nemi kwamfuta ashirin. Ta ce kowa ya kawo guda ɗaya a gwada. Yayar ta tare Walƙiya a ƙofa, ta ce, "Ƙanena, janye. Na san abin da ke cikin akwatin nan."

Ya ce, "Yaya, hassada ce ko tsufa?"

Aka kunna. Tasa ta buɗe kafin ƙiftawar ido, ma'aikata suka hau tafi. Mai ɗab'i ta ce, "Ni ba gudun minti biyar nake nema ba. Ya zan san wadda za ta jure?"

Duk da ƙaninta ne, yayar ta laluba jaka, ta karya kyandir gida biyu, aka buɗe akwatunan aka ɗora.

Ya 'yan uwa, mutum ya saye bakin allo, da me zai saye kyandir? Kafin azahar nasa ya zama ruwa yana ɗiga, allo kuwa yana nan a kan arba'in ɗinsa, ko kunya babu. Sai ƙauri, sai ɗif. Nata yana zaune daram har la'asar. Allahu Akbar!

Ashe uku cikin masu tafin nan sun taɓa sayen na'ura a wurinsa ta mutu, ya ce musu wutar gidansu ce. Washegari layi a shagonsa ya kai bakin titi, kowa rungume da gawar na'urarsa. Bai yi mako ba ya kulle shago. Yau ko caja ba mai ba shi ya duba. Yayar ta kwance kwalayenta tana hamdala da hawaye, ta haɗa ashirin ɗin, kowace da yininta.

Ƙara gudu ba haramun ba ne, jama'a. Algus ne haramun, da toshe bakin abin da ke yi maka gargaɗi. Kai da ka saita zuciyarka tana ce maka lafiya lau alhali kana ƙonewa, wa kake yaudara?

Allah ya kiyaye mu daga ha'inci, ya bar mana masu gaya mana gaskiya tun ba mu yi ƙauri ba. Amin.