Ilu Mai Gyaran Keke da Hawan Tudu

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ke kan tudu, tun zamanin da keke yake abin hawan mai hali. Sunansa Ilu, gyaran keke ne sana'arsa. Ba malami ba ne, jama'a, karatunsa bai wuce abin da zai yi salla da shi ba. Hannunsa kullum baƙi ƙirin da mai, rigarsa kuwa har matarsa ta haƙura da ita.

Rumfar da yake aiki a bakin kasuwa ba tasa ba ce, ta wani Alhaji Dabo ce mai fataucin kekuna. Sharaɗinsu shi ne Ilu ya zauna yana gyaransa, amma ya riƙa sayar wa Alhaji sababbin kekuna. To, aka yi wata uku ko ɗaya bai fita ba. Alhaji ya zo ya ce, "Ilu, in kasuwar Laraba ta watse ba ka sayar da ko ɗaya ba, ka kwashe ƙarafunanka, akwai mai son wurin." Ilu ya ce, "To, Alhaji." Me zai ce? Da rumfar nan yake ciyar da mutum bakwai.

Ran Laraba da hantsi sai ga wani dattijo, Barau, manomin albasa daga fadamar da ke gindin tudun. Ya turo tsohon kekensa yana haki, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Ya ce, "Malam Ilu, ni da keken nan mun rabu. Daga rafi zuwa nan turo shi nake yi da buhu a baya, gwiwoyina sun ƙare. Wancan sabon mai ƙyalli nake so. Na bar sana na huɗa a hannun dillali, da azahar za a sallama."

"Baba, san huɗa? Ga damina ta ƙarato, da me za ka yi noma?"

"Allah zai kawo mafita. Ni dai in huta da tudun nan."

To, ku saurara. Ciniki ya zo har rumfa da ƙafarsa. Ilu bai kira shi ba, bai yi masa ƙarya ba. Shiru kawai zai yi, ya hura taya, ya miƙa keke, rumfa ta tsira. Kuma ya so ya yi shirun, kada ku ɗauka waliyyi ne. Har ya ɗauko tsumma ya fara goge sirdin sabon, zuciyarsa tana ce masa, ai dattijon shi ya zaɓa da bakinsa. Sai dai Ilu ya san abin da Barau bai sani ba: sabon nan ma ba zai hau tudu ba.

Ya goga, ya goga, sai ya ajiye tsumma. Ya kifar da tsohon keken, ya ce, "Baba, tsuguna ka gani. Wannan faifan mai haƙora da sarƙa ke bi a tayar baya, ƙirga mini haƙoransa."

Barau ya bi da yatsa, ya ce sha takwas. Aka je ga sabo ya ƙirga, shi ma sha takwas.

Ilu ya ce, "Ka gani ko? Fenti ba ya hawan tudu. In ka sayi wannan, tura shi za ka yi kamar yadda kake tura naka. Bari in sa maka faifai mai haƙora ashirin da biyu, in ƙara wa sarƙa tsawo, feda ta yi laushi. Kuɗinsa bai kai na kaza biyu ba. Amma in gaya maka aibinsa: a miƙaƙƙiyar hanya ba ya gudu, kowa zai wuce ka."

Kun zaci godiya Barau ya yi? Ɓata rai ya yi, don ya riga ya gaya wa mutanen ƙauyensu da sabo zai dawo. Ya ce, "Ko dai raina ni ka yi, kana ganin ba zan iya biya ba?"

"Wallahi Baba, duk garin nan ba wanda ya kai ni son ka saya. Amma ka ce tudu ne damuwarka. In na gama, ka gangara ka hawo da buhu. In ƙafarka ta taɓa ƙasa a hanya, ga sabo nan."

Haka aka yi. Barau ya hawo a hankali, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba har bakin rumfa. Ko sauka bai yi ba, yana dariya ya zarce wajen dillali ya karɓo sansa.

Da la'asar Alhaji ya zo, labari ya riga ya kai masa. "Ciniki ya zo hannunka ka kore shi?"

"Alhaji, ka yi haƙuri. Abin da ya zo nema ba ya jikin kekenka."

A ranar Ilu ya kwashe ƙarafunansa ya koma gindin wata tsamiya a bakin hanya. Daminar nan ruwa ya dake shi, gidansa kuma an sha kwana da kunu tsura. Na ga wasunku suna jira in ce daga baya ya zama attajiri. Ban ji haka ba, ba kuwa zan ƙara gishiri ba. Abin da na ji shi ne Barau ya yi huɗarsa, iyalinsa sun ci daga gonarsu, Ilu kuma bai taɓa cewa da na sani ba.

Jama'a, cin amana ba sai da ƙarya ba, shiru ma yana cin amana. Kai mai gyaran waya, kai mai kanti, kai mai sayar da magani, kullum wani yana zuwa wurinka da rashin saninsa, ya damƙa maka shi a hannu. Kana iya aske shi tas, ya tafi yana sa maka albarka, ba kuwa wanda zai sani sai Allah. Ilu ya faɗi gaskiya a ranar da ya san za ta raba shi da wurin cin abincinsa. Kai fa, gobe in ka buɗe shago, mutum ya nuna babba alhali ƙarami zai ishe shi, me za ka ce masa? Allah ya ba mu ikon buɗe baki a wannan lokacin.