Askin da Ya Kai Fengwin Ƙasar Ƙanƙara

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

Akwai wani tsuntsu, sunansa Fengwin, mai baƙin baya da farin tumbi. Gidansa bakin teku, can kudu. A da yana tashi sama kamar kowane tsuntsu. Aibinsa ɗaya, kwaɗayin kifi.

Kullum in ya yi nutso, sai fukafukai su taso da shi kamar gora, manyan kifi na can ƙasa suna yi masa gwalo. Abin ya ishe shi. Sai ya tafi wurin Ƙaguwa mai almakashi biyu, ita ke yi wa tsuntsaye aski.

Ya ce, "Gwaggo Ƙaguwa, rage mini fukafukan nan."

Ta ce, "Kaɗan ko da yawa?"

Ya ce, "Kaɗan."

Ƙyas, ƙyas, ta rage. Ran nan ya kamo kifi kamar damtse. Matarsa ta ce, "Maigida, yau da ƙyar ka hau bishiya." Ya ce, "Ci kifi."

Kashegari ya koma, aka ƙara ragewa. Ya kamo kifi kamar cinya. Matar ta ce, "Maigida, yau ko katanga ba ka haye ba." Ya ce, "Ƙara kifi." Ta ƙara, ta lashe baki.

Rana ta uku matar ce a gaba, da 'ya'yansu biyu a baya. Ƙaguwa ta ce, "In na yanke nan fa, ba ya tsirowa." Fengwin ya ce, "Aski muka zo, ba wa'azi ba." Ta aske su tas, fukafukai suka koma kamar ludayi.

Suka ci, suka yi ƙiba, wuya ya ɓace.

Ana nan sai ga Kura. Tsuntsaye suka yi fir, suka tashi. Fengwin ya kaɗa fukafukai, ya kaɗa, ko yashi bai motsa ba. Ya ce wa iyalinsa, "Ku gudu."

Suka kama gudu tinƙis-tinƙis, tumbi na gaba, ɗuwawu na rawa. Kura ta tsaya ta ce, "Wannan gudu ne ko rakiyar amarya?" Dariya ta kayar da ita. Kafin ta tashi sun faɗa ruwa.

Suka yi ta iyo. Babban ɗan ya gaji, ya hau wani tsibiri mai duwatsu, ya ce nan ya tsaya. Ƙaramin ya bi wani ruwa mai sanyi ya yi arewa. Da ya matsa gaba sai ruwa ya koma kamar na shayi, kifi ya yi ƙaranci. Ya ja da baya ya zauna.

Fengwin kuwa bai waiwaya ba sai da ƙasa ta ƙare, ko'ina ƙanƙara. Matar tana rawar ɗari ta ce, "Maigida, nan ko ciyawa babu." Ya ce, "Kura ma babu."

Shi ya sa har yau zuriyarsa ke warwatse a kudancin duniya, ba su haye arewa ba. Suna tsaye ƙirji a gaba, kamar su suka zaɓi wurin. In ka tambayi ɗayansu me ya hana shi tashi, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Ka taɓa ganin kifi a cikin gajimare?"

Ƙurungus, kan tarwaɗa.