Sallau da Allon Zumarsa

An yi wani mutum a wani gari da babban titi ya ratsa, shekarun baya, sunansa Sallau. Bawan Allah ne, zuma yake sayarwa a bakin hanya. Ran nan ya je wajen Ilu mai fenti yana jaye da ɗan ragonsa, ya ce, "Allo nake so, babba, wanda direba zai hango tun daga nesa. Ga rago ladan aikinka."

Ilu ya dafa bayan ragon ya taɓe baki. "Wannan ai ƙashi ne da fata. Albarka."

"In ƙara maka kwalbar zuma."

"Farar saƙa?"

"Farar saƙa."

"Na sallama."

Aka kafa allo a bakin kwana, daidai inda mota take rage gudu. Jama'a, ku zo ku ga ciniki. Mota ta tsaya, mota ta tsaya, Sallau har ba ya samun zama. Maƙwabta suka gani. Mai tsire ya kafa nasa, mai faci ya kafa nasa, mai maganin basir ya kafa wanda ya fi ƙyauren gida girma. Kwana ta cika da alluna.

Sai ƙaramar hukuma ta fito da doka: duk allon da ke bakin kwana a tuge shi, yana tare wa direbobi gani. Aka turo wani ma'aikaci, Malam Tukur, da gwangwanin jan fenti. Allon da ya shafa wa ja, nasa ya ƙare.

To ku saurara, nan gwajin yake. Mai tsire ya ƙunsa masa tsire, burushi ya wuce. Mai faci ya gyara masa tayar babur, burushi ya wuce. Da ya iso kan Sallau sai ya yi murmushi ya ce, "Baba Sallau, fentin nan nawa yana da wani hali. Da ya ji ƙanshin zuma sai ya daskare. Kwalba guda duk ranar kasuwa, allonka ya zauna."

Sallau ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan doka, akwai gaskiya a cikinta?"

"Kai ina ruwanka da gaskiyarta?"

"Ka ba ni lokaci zuwa gobe."

Me ya yi? Ya taka can gaban gari, ya roƙi wani direban a-kori-kura ya sa shi a gaba, don ya ga kwanar da idon direba. Suna shawo kwana sai ya gani da idonsa. Allonsa ne na farko, kuma shi ne ya rufe 'yar hanyar da mata suke tsallakawa zuwa famfo. Rufewa ruf, jama'a. Ya sauka, ya ɗauko diga, ya tuge allonsa da hannunsa.

Matarsa Hansai ta ce, "Malam, ragonmu fa ke nan ka kwantar a ƙasa."

Ya ce, "Ragon namu ne, Hansai. Matan da ke tsallakawa kuwa na mutane ne."

Ciniki ya mutu. Mota ta zo ta wuce, ta zo ta wuce, ba wanda ya san akwai zuma a wurin. Gero ya yi ƙasa a rumbu. Mai tsire yana kaɗa wuta yana tsokana: "Ciyaman, yau kwalba nawa doka ta saya?" Tukur ya dawo ya ce har yanzu yana iya kau da kai in an mayar da allo. Sallau ya ce, "Na gode, a bar shi a kwance." Yana faɗa cikinsa yana kukan yunwa, kada ku ɗauka da daɗi ya faɗa.

Ana nan sai ga wani tsohon direba, Nomau, ya shawo kwana da tirela cike da siminti. Ta wannan 'yar kafa da allon Sallau ya bari ya hango mata a tsakiyar titi, bokiti a ka, goyo a baya. Ya taka birki, taya ta yi ƙara, tirela ta ja ta ja, ta tsaya dab da su. Ko ruwansu bai zube ba.

Nomau ya sauko ya dubi wurin. "Da can akwai allo a nan. Wa ya cire?"

Aka nuna masa Sallau. Ya kama hannunsa ya riƙe. Ya tafi tasha ya ba da labari, wannan tasha ta gaya wa waccan. Kun san yadda masu mota suke sa wa wuri suna. Kafin damina ta fita, kwandasta yana kira, "Akwai Kwanar Mai Zuma?" Fasinja ya ce, "Akwai." Baƙo kuwa sai ya ce, "Wane mai zuma? Direba, tsaya mu gani." Sunan Sallau ya hau bakin mutane, inda jan fenti ba ya kaiwa.

Daga baya hukuma ta turo mota ta kwashe sauran allunan kaf, aka tambayi Tukur dalilin da fentinsa bai taɓa su ba, asirinsa ya tonu, aka sallame shi daga aiki.

'Yan'uwa, darasin a fili yake: abin da kake ci da shi, in yana tare wa wani gani, tuge shi da hannunka kafin a tuge maka, Allah ba ya barin mai gaskiya da yunwa har abada. Kowannenmu yana da allonsa, wani rumfa ce ta ci hanya, wani kwata ce ya sakar wa maƙwabci. Je ka duba naka daga wajen mai wucewa. Mai tsire ya yi asarar tsire ya yi asarar allo. Tukur ya ci na banza ya rasa aiki. Sallau ya rasa katako, ya samu suna, mata kuma suka kai ruwansu gida.