Barmo da Burgamin da Ya Fi Ƙarfinsa

A zamanin da, tun kurmi bai san gatari ba, tun bauna na shan ruwa a inda yau mata ke wanki, an yi wani maharbi ana ce da shi Barmo. Masu ba da tarihi ba su haɗu a kan garin da ya fito ba. Wasu sun ce sawun gwanki ya biyo daga arewa, wasu sun ce fari ne ya koro shi. Abin da duk suka yarda da shi shi ne, ya iso bakin wani gulbi mai faffaɗar fadama, daga shi sai matarsa Tabawa, sai baka da kwari, sai burgami, wato jakar fatar akuya irin ta maharba. Nan ya kafa bukka.

A ƙuruciyarsa Barmo ba abin wasa ba ne. An ce yakan saɓa cinyar bauna tun daga tsakiyar daji har gida bai sauke ba. An ce kuma yana jin maganar zabin daji kamar yadda kake jin ta maƙwabcinka. In ya dawo farauta, kirarin da ake yi masa ke nan:

"Barmo na Tabawa, raɓa ba ta riga ka fita!
Mai kwana a dawa kamar a ɗaka,
Kibiyarka ba ta dawowa da yunwa."

Da labarin nama da kifi ya bazu, sai mutane suka yi ta zuwa, manoma da masunta da maƙera, har bukka ɗaya ta zama ƙauye. Duk sun zauna a ƙasan fadama, saboda nan ƙasa ta fi albarka. Akwai wani tudu mai duwatsu can gabas, amma ba mai hawansa sai awaki.

Barmo mutum ne mai tsoron a same shi ba shiri. Karin maganarsa ɗaya ce, har yara sun haddace ta: ba a fafe gora ranar tafiya. Da fari abin da ke cikin burgaminsa bai taka kara ya karya ba. Ƙyastu ne na kunna wuta, da auduga a toshe cikin ƙaho don kada ta jiƙe, da wuƙa, da igiya, da gorar ruwa, da ɗan busasshen nama. To, amma duniya ta yi ta koya masa karatu, shi kuwa kowane darasi sai ya cusa shi a jaka. Shekarar da maciji ya sari ɗansu tilo a gona, yaron ya cika kafin a samo magani, Barmo ya ƙara saiwoyi da dutsen niƙa su. Shekarar da fara ta cinye amfanin gona, ya ƙara gero da wake da kanwa. Shekarar gobara ya ƙara bargo, da tukunya, da ƙarfen gatari har da na ajiya. Fatar akuya ta kasa, ya ɗinka sabon burgami da fatar bauna. Ya kafa wata katafariyar gwafa a tsakar gida, ya yi mata rumfa, ya rataye shi a kai. Tun daga ran nan bai ƙara sauko da shi ba, sai dai ya taka turmi ya buɗe bakin ya ƙara wani abu.

Mutanen ƙauye kuwa, ka san halin ɗan Adam in ya sami wanda zai ɗauke masa tunani. Suka mayar da burgamin abin alfahari, baƙo in ya zo har kai shi ake yi ya gani. In ka tambayi magidanci ina ƙyastunsa na ko-ta-kwana, sai ya yi dariya ya ce, ai na Baba Barmo na nan. Sun san cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, suna ma faɗar haka a bakin kasuwa. Amma ba gida ɗaya da aka ƙulla ko da tafin gari aka ajiye.

Shekaru suka ja. Gashin Barmo ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara in zai tashi, farautarsa ta dawo ta gada da zomo a bayan gari. Shi kaɗai ne bai lura ba. Tabawa kuwa ta lura, kuma ba mace ba ce mai ɓoye magana a ciki.

Wata rana ta same shi bisa turmi yana cusa wani ƙulli, ta ce, "Maigida, kana ta kiwon wannan abu kamar ragon suna. Yaushe rabonka da ka ɗaga shi?"

Ya ce, "Wanda ya ɗauki bauna ake tambaya?"

Ta ce, "Wancan ai na san shi, shi na aura. Wannan da ke nishi a kan turmi nake tambaya."

Ya yi tsaki ya sauko. A ransa ya ji zafin maganar, don ya san akwai gaskiya a ciki, amma bai gwada ba. Tsoro yake ji kada ya gwada ya kasa.

A wata damina mai yawan ruwa, kurkunu ya fito wa Tabawa a ƙafa. Ƙafar ta kumbura, ko bakin ƙofa ba ta iya zuwa sai da jan gindi. A cikin wannan hali, wata safiya ana yayyafi, Barmo ya ji zabi na kuka a bayan shinge, ya kasa kunne. Cewa suke, gulbi ya ƙoshi a can sama, yana tafe, kowa ya nemi tudu. Ya duba ƙasa, ya ga tururuwa na kwashe ƙwansu suna hawa bango. Nan da nan ya busa ƙaho.

Ƙauye ya rikice. Mata suka goya yara, maza suka kora awaki, kowa ya nufi tudun gabas hannu rabbana, ba wuta, ba gari, ba mayafi. In wani ya juya zai ɗauko wani abu, sai a ce masa ya bari, burgamin Baba na tafe.

Wani maƙeri, Ɗangoje, ya biyo ta ƙofar gidan Barmo goye da tsohuwarsa. Ya ce, "Baba, bari in kai Inna tudu in dawo in ɗaukar maka kayan nan."

Barmo ya ce, "Ka taɓa jin an taɓa burgamin maharbi in ba mai shi ba? Akwai abin da ke ciki da hannun wani ke karya shi."

"To, in dawo in ɗauki Iya Tabawa."

"Matata ce. Ni zan kawo ta. Yi ta kanka, ɗana."

Da Ɗangoje ya wuce, Barmo ya tsaya tsakanin gwafa da ƙofar ɗaki. Ya tuna jariran da aka fita da su cikin ruwan sama ba wuta, duk don an dogara da burgaminsa. Ya auna nisan tudun a zuci, ya ga ai tafiya ce da yakan je ya dawo kafin kunu ya huce. Sai ya yanke shawara: ya kai burgami, ya dawo ya ɗauki Tabawa. Ya tallafe ta ya ɗora ta a kan rumbu, ya lulluɓe ta da zane.

Ta dube shi ta ce, "Maigida, da ƙafar yau ake auna hanya, ba da ta da ba."

Ya ce, "Kafin ruwa ya taɓa gindin rumbun nan na dawo."

Ta ce, "Allah ya sa. Jeka."

Ya shiga ƙarƙashin burgamin, ya saita gammo, ya yanke igiyar da ta riƙe shi. Da nauyin ya sauka a kansa, sai da ya ga duhu. Ƙashin wuyansa ya yi ƙara. A nan take ya gane abu ɗaya: daga sama kayan ya sauko masa, in har ya kai shi ƙasa, ba shi da ƙarfin da zai sake ɗaga shi. Saboda haka ba hutu. Ya fita yana jan ƙafa cikin taɓo.

Jiki magayi. Hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa ta yi ta miƙewa a gabansa. Numfashi ya ƙi isa, gumi da ruwan sama suka haɗu suna rufe masa ido. Yana tafe yana jin gulbi na ruri a bayansa, ba kuwa ya iya ko waiwaye, don wuya ba ya juyuwa. Rana ta yi tsaka a bayan gajimare, shi bai wuce rabin hanya ba. A gindin wata tsamiya santsi ya kwashe shi, ya faɗi, burgamin ya faɗi gefe.

Ya kama shi ya ja, ko motsi bai yi ba. Ya durƙusa ya sa kafaɗa, ya kira sunan ubansa da na kakansa, a banza. Sai ya zaro wuƙa ya farke fatar. Abin da ya zubo ya sa shi zama daɓas a cikin taɓo. Geron ya zama gari, ƙwari na yawo a ciki. Naman ya ruɓe tun ba a san shekarar ba. Asu ya cinye bargon, saiwoyin sun zama ƙasa. Dutsen niƙa da ƙarfen gatari ne kawai ke nan lafiya lau, su ne kuwa suka karya masa wuya. Barmo ya yi kuka, kukan tsoho wanda ba ya da sauti. Ya tsinci ƙyastu, da ƙahon auduga, da igiya ɗaya mai sauran ƙarfi, ya ɗaure su a kansa. Duka ba su kai nauyin kaza ba. Ya juya ya nufi gida.

Ruwa ya tarye shi a idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Ƙafafun da zai yi gudu da su ya riga ya ƙarar da su a kan burgami. Yana tafiya yana kama rassan itace, yana kiran Tabawa. Da ya iso inda gidansa yake, bai ga bukka ba, bai ga rumbu ba, don rumbun ƙasa ne, ya narke. Kan gwafar nan kaɗai ya rage a saman ruwa, Tabawa na rungume da ita, ruwa har ƙirji, leɓunanta sun yi fari.

Da ta gan shi, ta yi ƙoƙarin murmushi, ta ce, "Ka gani, yau ni ma na sami wurin da kake ajiye abin da kake so."

Ya ɓamɓare yatsunta daga jikin itacen, ya goya ta, ya ɗaure da igiya. Da ya miƙe, sai zuciyarsa ta karye, don ashe ko rabin nauyin burgamin ba ta kai ba. Da ita ya fara ɗauka, da tun hantsi suna kan tudu.

Yadda ya fita daga ruwan nan, Allah kaɗai ya sani. Wasu sun ce wani tsohon kada da ya taɓa yafe wa rai ne ya yi ta tokare shi ta baya. Da la'asar sakaliya ya hau tudun da rarrafe. Ya tarar da jama'a a takure a gindin duwatsu, yara na karkarwa, kowa ya zuba ido yana neman burgami a kansa. Barmo ya kwance ƙyastu, hannunsa ya kasa riƙe shi, ya miƙa wa Ɗangoje. Maƙerin ya ƙyasta, audugar ta kama. Da wannan wuta aka ɗumama jarirai, aka gasa akuya, ba yaro ko ɗaya da ya salwanta.

An kwantar da Tabawa kusa da wutar. Amma sanyin ya riga ya shiga ƙirjinta, ƙafar kuma ta rine. Ba ta ga janyewar ruwan ba. A kan tudun aka binne ta, Barmo ya ce shi ba zai sauka ya bar ta karo na biyu ba. Ya yi bukka kusa da kabarin. Mutane suka ji kunyar komawa fadama su bar shi, suka yi gidajensu a kewaye, suna sauka noma suna hawowa kwana.

Bai sake ɗaukar baka ba. Da bazara ta zagayo, ya tara magidanta, ya yi musu magana a gajiye, ba faɗa ba tsawa. Ya ce kowane mai rai ya ƙulla nasa ƙunshin, ya kwance shi duk shekara ya ga abin da ya lalace. Ya ce kafin ruwan farko kowa ya sauka fadama, ya ɗauki ƙunshinsa daga ƙasa da hannunsa, ya hawo da shi tudu. Abin da ka sauke a hanya don nauyi, ka bar shi nan, ba naka ba ne. Ya ce kuma kowane gida su san tsohonsu da gurgunsu da mai jegonsu, su san wanda zai goya kowanne, kuma mutum ake fara ɗauka kafin kaya. Shi da kansa ya riƙa yin wannan hawa, da sanda, da ɗan ƙulli a kafaɗa, har shekarar da ƙafa ta ƙi, aka goya shi.

Garin da ya tashi a kan tudun shi ake kira Ɗauki-Naka. Masu tarihin garin sun ce har yanzu ba a fasa hawan ba. Duk bazara za ka ga jama'a sun jeru a kan hanyar tsamiya, ƙato na haki, mai tumbi na zubar da kaya ana yi masa dariya, jika goye da kakarsa tana yi masa tsiya. A can sama, kusa da tarin duwatsun da ke kan kabarin Tabawa, dattawa ke zaune suna jira. Ba sa buɗe ƙunshin kowa. Duk wanda ya iso, tun bai mayar da numfashi ba, tambaya ɗaya suke yi masa:

"Wa ka bari a baya?"