Karfasar da Sakau Ya Mayar Ruwa

Kai nake nufi, Mamuda. Kai Sarkin Ruwa, kai ka tuge sandar nan da hannunka. Kada ka waiwaya, babu kowa a bayanka. Yau ba zan ce maka ranka ya daɗe ba, don a bayana ka yi fitsari kana jariri.

Jama'a, kowa ya san al'adarmu tun kafin a yi dam ɗin nan, tun muna su a tsohon kogi. In ruwan sabuwar damina ya shigo, kifi ya hau ciyawa zai zuba ƙwai, Sarkin Ruwa kan kafa sanda a bakin lungu ya ɗaura mata kaba. Wanda ya ga kaba ya san an rufe ruwa. Bana Mamuda ya kafa, ya dawo ya tuge, 'ya'yansa suka shiga da gidan sauro. Gidan sauron da aka raba wa masu jego, shi suka ɗinke suka mayar taru. Ni Tabawa, da bandar kifi na tsufa, da ita nake ci da jikokina marayu. Abin da aka kawo mini in yi bandarsa, wallahi bai kai farcen yaro ba, ta ramin wayar banda yake zubewa cikin wuta. Yanzu Lungun Gawo kaɗai ya rage ba a share ba, shi ma na ji an ce ran Asabar za a shiga.

Ni ban yi karatu ba, amma kakata ta ba ni wani labari, yau kuwa sai kun ji shi. Ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ke bakin tafki, tun can da daɗewa. Ba shi da jirgi, ba shi da taru. Gora gare shi da yake hawa, da koma guda, ita ma idonta da faɗi, yatsa uku na shiga. In ƙaramin kifi ya maƙale masa, sai ya zare shi a hankali ya mayar ruwa, ya ce, "Je ka girma." Kullum haka, kullum haka, har mutane suka manta sunansa na yanka, suka koma kiransa Sakau. In ya doso kasuwa sai masunta su ce, "Sakau, yau nawa ka 'yanta?" Shi dai murmushi.

Ana nan sai fari ya zo. Damina ta zo ta wuce kamar ba ta zo ba, ta bayanta ma haka. Tafki ya yi ta janyewa, ya yi ta janyewa, har taɓo ya tsattsage, sai gurabu nan da can, kowane gida da gurbin da ya gada. Yunwa ba ta da kunya. Kowa ya shiga nasa da kwando, wanda ba shi da kwando ya karɓi zanen matarsa ya tace ruwan, babba da ƙarami aka kwashe. Gurbin Sakau, wani mai zurfi a gindin giyayya, shi kaɗai ya saura da abin da ke motsi.

Wata rana da hantsi ya jefa koma, sai ga karfasa ƙatuwa. Matarsa Laraba na tsaye a gaɓa da ƙwarya, yara kuwa a gida tun jiya ganyen tafasa ne a cikinsu. Ya ɗaga kifin, sai ya ga bakinta a kumbure. Ku masunta kun san wannan: karfasa a baki take goyon 'ya'yanta, ba ta ci ba ta sha sai sun yi wayo. Ya leƙa, ga su nan dam, suna wutsil-wutsil.

Laraba ta ce, "Malam, miƙo ta nan."

Ya ce, "Laraba, dubi bakinta."

Ta ce, "Na ga bakinta. Kai ka ga bakin 'ya'yanka?"

Ku saurara, nan ne jarrabawar. Mutumin nan ya tsaya cikin ruwa, hawaye na zuba. Ya ce, "Na gani. In muka dafa ta, yau kaɗai muka ci. Abin da ke bakinta kuwa abincin garin nan ne gaba ɗaya, in Allah ya kawo ruwa."

Ta ce, "In bai kawo ba fa?"

Ya ce, "To ba zan so ya same ni ni ne na cinye na ƙarshe ba." Ya sunkuya ya sake ta.

Laraba ta kife ƙwarya ta ce, "Sai ka zo ka dafa mana haƙuri, ka sa masa gishiri."

Ni ban ga laifin Laraba ba. Da ni ce, da ƙwaryar a kansa zan fasa ta. Amma bawan Allah nan bai koma gida ya naɗe hannu ba. Ya ɗauki fartanya ya bi busasshen taɓo yana tonon gaiwa, wadda ke binne kanta ta jira damina. Ya tono tushen bado aka dafa. Ya yanko gamba ya saƙa zana ya yi wa gurbin rumfa don kada rana ta shanye shi.

Labari ya bazu cewa akwai kifi a gindin giyayya. Sai ga wani ƙaƙƙarfan masunci, Jatau, ya jawo mutane da taru mai ƙaramin ido. Ya ce, "Sakau, matsa. Ruwa na Allah ne."

Sakau ya ce, "Nasa ne, shi ya sa nake jin tsoro. Ba zan hana mai yunwa ba. Kullum zan jefa komata, manyan da ba su da ƙwai a raba gida-gida, ni ne na ƙarshe. Amma wannan tarun kada ya taɓa ruwa."

Jatau ya yi dariya ya ture shi gefe, don Sakau ba ƙarfi gare shi ba. Ya ɗaga ƙafa zai shiga, sai ya ji ƙum a gabansa. Taɓarya ce aka kafa a taɓo. Laraba ce riƙe da ita. Ta ce, "Jatau, ni na kwana da yunwa saboda kifin nan, 'ya'yana sun kwana da yunwa saboda kifin nan. In ban ci ba, ai kai ba ka isa ba. Taka ka gani."

Jatau ya dubi taɓarya, ya dubi Laraba, ya ce shi dama wasa yake yi. Mutane suka fashe da dariya, aka naɗe taru. Haka aka yi ta lallaɓawa, yau gidan wane ya sami tarwaɗa, gobe gidan wance, ba a ƙoshi ba amma ba a mutu ba.

Sai Allah ya saki ruwa. Tafki ya cika ya haɗe gurabu duka, amma duk gurabun nan fanko ne, ban da guda. Daga gindin giyayya kifi ya fito ya bazu. Kafin kaka ya kai yatsa, shekara na zagayowa ya kai tafin hannu, ta gaba kuwa sai da aka rasa itacen banda. Jatau da kansa ya ɗauko kifi mafi girma ya kawo ƙofar Sakau yana neman gafara. Sakau ya ce, "Babu komai tsakaninmu. Kai wa Laraba, ita ta riƙe taɓarya."

Kakata ta ce tun daga nan ake kafa sanda a bakin ruwa. Sandar nan da Mamuda ya tuge, taɓaryar Laraba ce.

To kun ji. Wanda ya bar wa gobe rabonta, Allah ba ya barinsa. Ruwa amana ne, ba gadon gidan kowa ba ne, kuma mutum ɗaya mai tsoron Allah ya isa ya ceci gari in ya sami wanda ya tsaya masa. Sakau yunwa ce ta matsa shi, ya saki. Ku fa, mece ce ta matsa ku? Wa ya kwana da ganyen tafasa a cikinku? Ku samari da kuke sunkuyar da kai, na san a cikinku akwai Sakau, tsoron dariyar abokai ne ya hana shi magana. Ku bar su su yi dariyar, ai shi ma an yi masa.

Kuma ba a makara ba. Jiya na taka har Lungun Gawo da ƙafafun nan nawa masu ciwo. Na ga 'ya'yan kifi a bakin ciyawa, baƙi ƙirin kamar hayaƙi, suna tafiya tare. Wallahi sai da na yi guɗa ni kaɗai. Gurbinmu ke nan. In aka ƙyale shi ya kai kaka, dam ɗin nan zai dawo, bandata za ta yi hayaƙi, 'ya'yanka ma, Mamuda, za su kama kifin da za su ɗaga da hannu biyu.

Saboda haka ga abin da nake nema. A mayar da sanda da kabarta yau, kafin la'asar, muna kallo. A warware gidan sauron nan a mayar wa jarirai. In kuwa sandar ta ɓata, ga taɓaryata na zo da ita, matan banda duka sun zo da nasu.

Mamuda, mun ba ka ruwa amana. Tashi tsaye a gaban jama'a ka faɗa mana: wa ya ce ka tuge sandar, kuma me za a yi ran Asabar? Ba na motsawa daga nan sai ka amsa.