Wanda Ya Ga Inda Yatsa Ya Taɓa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Garki, gwanin haɗa shafin intanet. Ba zan kama sunansa ba, abin da ya same shi ya ishe shi.

Wata ƙungiya mai taimakon masu son barin shaye-shaye ta ba shi aikin shafinta. A saman shafin aka rubuta cewa duk wanda ya shigo, asirinsa a rufe yake.

Sai ya dasa wata manhaja mai ƙirga latsawa. Tana nuna inda yatsan baƙo ya taɓa, da daɗewarsa a kowane shafi. Wannan ba laifi ba ne, da shi ake gyara aiki. Amma gwaninta ta ɗebe shi, ya haɗa kowace latsawa da lambar wayar mai ita. Wa ya sa shi? Babu kowa.

Wata rana ya ga lambar da ya sani. Ta maƙwabcinsa ce, Saleh, mai sayar da kifi a Kado, wanda ke kiran salla a masallacin unguwa. Sau tara Saleh ya buɗe shafin barin shan maganin tari mai sa maye. Sau tara yatsansa ya je kan maɓallin kira, ya janye.

Bakin mutumin ya kasa riƙewa. Ya faɗa wa mutum ɗaya a wurin mai shayi, wai amana. Kafin Juma'a an karɓe lasifika daga hannun Saleh. Ina cikin waɗanda suka zauna aka yanke haka, ban ce a kira shi a tambaye shi ba. Har yau in na tuna, kunya nake ji.

Saleh bai yi rantsuwa ba, bai kai ƙara ba. Bayan mako biyu ya sami mutumin a ƙofar gida, ya ce, "Oga, ba don kaina nake shiga ba. Don ƙaninka Amir ne. Shi ya roƙe ni kada ka sani."

Ashe Amir ya yarda zai je ƙungiyar, har an sa rana. Da ya ji shafin na tona asiri, kuma wansa ne mai leƙen, sai ya fasa. Ya bar gidan, ya koma wa kwalba.

Ƙungiyar ta kori mutumin. Wasu masu neman taimako suka daina shiga. Shi kuwa ya daina sallar jam'i, don ba ya iya haɗa ido da ladan.

Ya 'yan uwa, Allah ya hana mu bin diddigin asirin mutane. Na'ura ta nuna masa yatsa, ba ta nuna masa niyya ba. Mu da muka saurara, muna da namu kason.

An ce har yanzu yana neman lambar ƙaninsa, shi da ya san ta kowa. A kashe take.

Allah ya kiyaye mu da leƙen abin da ya rufe, ya dawo da Amir gida.